Faya-fayan da Na Shanya a Rana

Abba,

Kada ka ninke wannan takarda ka cusa a jaka ka ce sai ka hau mota za ka karanta. Kada kuma ka ɗaga ko kwali ɗaya daga ɗakin nan kafin ka kai ƙarshenta. Na san halinka, sai ka ce "to Umma" da ladabi, sannan ka je ka yi abin da ka riga ka yi niyya. Wannan karon nemi wuri ka zauna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya kai ka Kuros Riba lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa shekarar bautar ƙasar nan ta zo maka da sauƙi, ka dawo ka same mu yadda ka bar mu.

Za ka yi mamakin uwar da take rubuta wa ɗanta wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasa. Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan kakanka a kanka. Shekara ashirin da biyar ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba sai ta faɗa. Abin da zan faɗa yau bakina ba zai iya ba ina kallonka. Sakandaren da aka sa ni ta yi mini rana, tun da ga biro ga takarda.

Ranar Laraba ina tankaɗe a tsakar gida na ji kana waya da mai adaidaita sahu. Ka ce masa ya zo Asabar da hantsi ya kwashe kwalayen faya-fayanka ya kai Sabon Gari, wurin Mama Ngozi, su zauna a can har ka dawo. Ka rage murya, amma kunnena bai tsufa ba. Ban yi fushi ba. Idan ɗa zai yi tafiyar shekara guda ya rasa inda zai bar abin da ya fi so sai gidan wasu, alhali uwarsa tana raye, to uwar ce ya kamata ta tuhumi kanta. Na tuhumi kaina, kuma ga abin da na samu. Wani ka sani, wani ba ka sani ba.

Da mahaifinka ya rasu, Allah Ya jiƙansa, ƙannenka kowa ya ɗauki abin tunawa, wani hula, wani agogo. Kai ba ka nemi komai ba sai tsohon garmahon da ke kan sif, wanda ko faifai ɗaya ba shi da shi. Ka tambaye ni ina faya-fayan, na ce maka sun ɓace lokacin da muka taso daga Kwaciri zuwa nan Rijiyar Lemo, kana ƙarami. Ka ɗauki garmahon ka fita da shi. Daga ranar kuma sai ka fara shigo mini da tarkace: faifai a tsohon kwali mai hoton zomo, faifai mai hoton jirgin ƙasa da fuska, wani da ɗan littafi a ciki. Duk Asabar ka yi wanka ka ce ka tafi Sabon Gari.

Ni a Fagge aka haife ni, kuma mu abin da muka taso muna ji game da Sabon Gari shi ne kasuwa da safe, mashaya da yamma. Ban taɓa shiga gidan kowa a can ba, amma na yanke wa unguwa guda hukunci. Na ce a raina yaron nan maraici ya ja shi ya shiga mugun taro, faya-fayan kuwa rufa-rufa ce. Wata Asabar na zura hijabi, na tari adaidaita, na ce wa direban ya bi wanda ka hau. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, miji ne ko ɗa?" Na ce masa ya kula da titi.

Inda ka sauka wani ɗan shago ne a cikin layi, gaba ana sayar da sabulu da madara, ciki kuwa tsofaffin rediyo ne jibge har rufi. Na laɓe a bayan wata mota ina leƙe, mace mai shekaruna. Abin da na gani shi ne kai a tsugune gaban baho, ka naɗe hannun riga, kana wanke faifai da tsumma mai laushi, kana bin zanen a zagaye kamar mai yi wa jariri wanka. Wata tsohuwa tana zaune a kujera tana yi maka faɗa da Hausa kamar jakin Kano, wai kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ita ce ta fara ganina. Ta ce, "Baiwar Allah, rana za ta kashe ki a nan. Shigo ki zauna, ai kamarku ɗaya da shi." Ka ɗago ka gan ni, ka sunkuyar da kai, kunyar da ya kamata in ji kai ka ji ta a madadina.

A ranar na san ko wace ce Mama Ngozi. A Sabon Gari aka haife ta, mijinta mai gyaran rediyo ne, ya rasu ya bar mata shagon da ɗaki guda na faya-fayai. Ita ta gyara maka garmahon da hannunta, ta sa masa sabuwar allura. Da la'asar ta yi, ita ta ce maka ka ajiye tsumman ka tafi masallacin bakin titi, ta kuma nuna mini bayan shago inda ta shimfiɗa mini sabon kwali in yi tawa sallar.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle nawa da ya zama ƙarya. Inda za ka je za ka tarar da mutanen da cimarsu daban, sallamarsu daban, ibadarsu daban. Kada ka ɗauki abin da ka ji a majalisa ka ɗora musu. Shiga ka gaishe su, ka gani da idonka. Kuma ka riƙe sallarka a kan lokaci, domin a can ba lallai ka sami tsohuwar da za ta kore ka zuwa masallaci ba.

Ko bayan wannan ban sakar maka mara ba. Na ce duk faifan da zai kwana a gidana sai na ji abin da ke ciki, kada a shigo mini da batsa cikin kwali mai hoton zomo. Ka amince. Sai ga ni zaune a bakin gadonka ina jin waƙar ƙirga, da waƙar wanke hannu kafin cin abinci, da labarin da ake kaɗa ƙararrawa idan lokacin buɗe shafi ya yi. Wata rana ka sa wani ƙarami mai faɗin rami a tsakiya, kiɗan wani shirin talabijin ya tashi, sai na ga kaina ina 'yar shekara takwas a Fagge, mun yi cincirindo a tagar gidan da ke da talabijin a layinmu, muna jiran a buɗe tasha da yamma, ƙanwata tana goye a bayana tana jan ɗankwalina. Na ce maka ka sake sawa don ban ji kalmomin da kyau ba. Babu wasu kalmomi a ciki, ka sani, na sani. Ka sake sawa ba ka yi murmushi ba, kuma na gode maka da wannan.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba: ban ga mai riƙon abu irin naka ba. Ba ka taɓa faifai sai ta gefe. Ba ka kwantar da su, a tsaye kake jera su kamar littattafai. Kwalin da ya yage kana ɗinke shi da takarda da gam, ba ka jefarwa. Ga littafin nan naka mai baƙin bango, wanda na buɗe ba da izininka ba, a kan wannan ma ka yafe ni. Na zaci sunayen waƙoƙi zan gani, sai na tarar da sunayen mutane. Wannan daga gidan tsohon malamin makaranta ya fito, na 'ya'yansa ne. Wannan a kasuwar Sabon Gari aka same shi ƙarƙashin tsofaffin takalma, akwai sunan wani yaro da jar biro a bayansa. Na ga inda ka rubuta cewa wata tsohuwa ta ce ka kwashe duka kyauta, ka ƙi sai da ka gaya mata akwai masu neman irinsu, ta yi shawara da 'ya'yanta tukuna. Wannan halin ka riƙe shi da kyau. Wanda bai san darajar abin hannunsa ba, amana ne a wuyan wanda ya sani.

Na kuma san abin da kake nema a ƙasan duk wannan. Mahaifinka idan yana kan keken ɗinki akwai wani sauti da yake bi da hanci, ƙafarsa tana tafiya da shi. Kiɗan buɗe wani shirin yara ne na zamaninsu, kakanka mai sunanka ya sayo masa faifan lokacin yana aikin jirgin ƙasa. Ba ka san sunan shirin ba. Aka ba ni labarin yadda kake tsayawa gaban 'yan gwanjo kana rera musu sautin da hanci, suna dariya, har suka sa maka suna Mai Hanci. Shekara da shekaru ba ka gaji ba. Ni da na ji, faɗa na yi maka, na ce kana zubar mana da mutunci a kasuwa. Yau na janye wannan maganar.

Yanzu sai na daminar bana, wanda shi ne ya sa ka kira mai adaidaita.

Ka tafi Zariya karɓo takardunka. Da safe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwanon ɗakinka ya yi yoyo daidai kusurwar da kwali ɗaya yake. Na shiga na ga gindinsa ya jiƙe. Wallahi tausayinka ne ya kama ni. Na ce yaron nan zai dawo ya tarar da kayansa sun yi funfuna. Me mace take yi da abin da ya jiƙe? Katifa rana, tabarma rana, littattafan makaranta rana, har garin tuwo idan ya sha danshi rana. Haka uwata ta yi, haka tata uwar ta yi. Da hadari ya wuce, rana ta buɗe da ƙarfinta, na zare faya-fayan daga kwalayensu, guda goma sha ɗaya, na jera su a kan tabarma a tsakar gida, har ina gyara su don kowanne ya samu rana sosai. Na shiga kicin ina jin daɗin kaina.

Da na fito bayan azahar, goma sun kanannaɗe kamar ganda a kan wuta. Na goma sha ɗayan yana gefen katanga, inuwa ta riske shi da wuri, ya ɗan lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka. Na sa hannu in miƙar da ɗaya, ya ƙone mini yatsa. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ka dawo washegari. Na tsaya a ƙofar kicin ina jiran ka yi magana don in samu abin kamawa, in ce da ka gyara rufin da haka ba ta faru ba. Ba ka ba ni wannan damar ba. Ka tsuguna ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Da ka zo kan na ƙarshen ka daɗe kana riƙe da shi, sannan ka ce, "Ba komai, Umma. Sannu da aiki." Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana biyu na ga kwaɗo a ƙofar ɗakinka, abin da ba a taɓa yi a gidan nan ba.

Ga darasin, kuma da tsada na saye shi. Kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Wayarka tana hannunka a Zariya, tawa tana hannuna, kira ɗaya ya ishe ni, amma girman kai ya ce mini uwa ba ta tambayar ɗanta yadda ake shanya. A wurin da za a tura ka aiki za ka ga abubuwan da za ka ɗauka gyara suke nema. Kafin ka sa hannu, nemi mai abin ka tambaye shi, ko da ya girme ka, ko da ka girme shi. Abin da ka iya a gidanku ba shi ne maganin komai ba.

Sati uku ina fama da kaina. Sannan na lura ka daina zuwa Sabon Gari, Asabar ta zo ka zauna a ɗaki. Na shirya na tafi ni kaɗai, wannan karon ba laɓe. Mama Ngozi ta karɓe ni, ta ba ni kujera, ta shiga ciki ta fito da faifan nan mai lanƙwasa a cikin kwalinsa. A bayan kwalin akwai rubutun yaro, manyan baƙaƙe a karkace: Ngozi. Ta ce 'yarta ta fari ce, zazzaɓi ya ɗauke ta tana shekara tara, tun kafin a haife ka. Ta haifi wasu bayanta, amma har yau da sunanta ake kiran ta. Wannan faifan ba ya cikin na shago, a ƙarƙashin kayan sawarta yake zaune. Aro ta ba ka.

Ta ce ranar da ka mayar mata da shi, durƙusawa ka yi ka ce kai ne ka manta shi a bakin taga. Na ce mata ba kai ba ne, ni ce. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Hajiya, na sani. Yaron da ko numfashi ba ya yi a kan faifai shi zai bar shi a taga? Da na ga lanƙwasar na ce wannan aikin uwa ce mai tsafta. Kin ɗauka kuɓewa ce?" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ta faɗa mini abin da ba ka faɗa mini ba. Ta ce tun ranar da ka fara rera mata sautin nan da hanci ta gane shi, domin Ngozi da shi take tashi da shi take kwana. Shekara biyu ta kasa fito da faifan, ba ta son jin sa. Sai bana ta ga tafiyarka ta matso, ta ɗauko ta ba ka. Kai kuma ka ce ba za ka sa shi kai kaɗai ba, sai ka dawo daga Zariya, ranar Juma'a, ka kira ni ɗaki mu ji tare. Ta ce, "Don ke ya karɓa."

A nan zan tsaya in yi maka faɗa, don kada ka ɗauka wasiƙar nan duk yabo ce. Ƙarya ƙarya ce, ko don uwa aka yi ta. Na san rufin asiri ka yi mini, Allah Ya rufa naka duniya da lahira. Amma ka yi wa tsohuwar da ta ba ka amanar 'yarta ƙarya, sannan kunya ta sa ka guje ta, ka bar ta ita kaɗai da shago a Asabar. Idan abu ya lalace a hannunka ko a gidanku, faɗi yadda aka yi, ba sai ka kama suna ba, kuma kada ka ɗauke ƙafa. Ɗauke ƙafar ya fi ɓarnar ciwo.

Ni ce kuwa mafi ƙarancin cancantar yin wannan faɗan, ga dalili.

Faya-fayan mahaifinka ba ɓacewa suka yi ba. Ranar da za mu taso daga Kwaciri, yana shago, ni ina ɗaure kaya. Ya riga ya kai garmahon sabon gida da kansa, saura kwali ɗaya mai nauyi a ƙarƙashin gado. Na buɗe na ga kayan yara, na ce magidanci mai iyali me zai yi da waɗannan, ga kaset kowa yana ji. Sai ga ɗan gwangwan yana tura kura yana kiran a kawo tsohon kaya a karɓi roba. Na ba shi kwalin gaba ɗaya, ya ba ni baho biyu da bokiti. Har ina ganin na yi dabara. Da mahaifinka ya dawo ya leƙa ƙarƙashin gadon, na gaya masa ina dariya. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya zauna a bakin gadon ya ce, "Da kin tambaye ni." Bai ƙara ta da maganar ba har ya koma ga Allah. Bahon nan shuɗi da aka yi muku wanka a ciki kai da ƙannenka, shi ne.

Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum ina cewa sai wata rana, kuma abin ai bai kai ya kawo ba. Da ka tambaye ni bayan rasuwarsa, ƙarya ta zo bakina kafin gaskiya. Shekara bakwai ina kallon ka kana yawo kasuwa-kasuwa kana neman abin da ni na bayar da hannuna, har ina yi maka faɗa a kai. Wannan na faɗa wa Mama Ngozi a shagonta, ban san lokacin da ya fito ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ba ita ce mai wannan maganar ba, mai ita yana gida.

To ga ta na kawo maka. Ka yafe mini. Kuma idan ka ɓata wa mutum, ba shi haƙuri a ranar, ko da tuwo yana kan wuta. Wata rana ɗin nan da muke jira, ba kowa take samu a raye ba.

Kafin in taso na tambaye ta ko faifan yana gyaruwa. Ta ce mijinta yana sa irinsu tsakanin gilashi biyu masu kauri, a ɗora nauyi, a ajiye a ɗaki inda rana ba ta shiga, a manta da shi. Ta ce wani yana miƙewa, wani ba ya miƙewa, kamar mutane. Na ce ta ba ni in gwada. Ta dube ni, sannan ta miƙo mini. Ka yi tunanin wannan: matar da na laɓe ina zargi, ta ba ni abin da na lalata mata a karo na biyu.

Ka tuna ka shigo ɗakina ka ga tangaran ɗina jibge a ƙasa, ka tambaya, na ce kabet nake gyarawa? Gilasan kabet ɗin guda biyu na zare, wanda tun aurena ba wanda ya isa ya taɓa. Na goge su, na sa faifan a tsakiya, na tura ƙarƙashin gado, na ɗora akwatin atamfofina a kai. Daidai irin wurin da na fitar da na mahaifinka. Kwana arba'in suka cika tun makon jiya, tsoro ya hana ni ɗagawa. Wayar da na ji kana yi ranar Laraba ita ta tashe ni.

Jiya Alhamis na kai mata, riƙe ta gefe yadda kake yi. Ta ɗora shi a garmahon shago. Bai miƙe sarai ba, allurar tana hawa tana sauka kamar kwalekwale, kuma a farkon akwai wurin da sautin yake ɗan rangaji. Amma ba ta yi tsalle ba. Sarewa ta fara, ƙararrawa ta biyo. Abba, shi ne. Har wurin da mahaifinka yake dakatar da ƙafa ya juya yadi, yana nan. Ni ina jin keken ɗinki, ita tana jin 'yarta, muka zauna mu biyu tsakanin katan ɗin sabulu ba mai kallon wata. Wani ya zo sayen madara ya gan mu ya juya.

Da ya ƙare ta mayar da shi kwalinsa ta ɗora mini a cinya. Ta ce in kai maka ka ji kafin ka tafi, kuma ya zauna a wurina har ka dawo, ita za ta riƙa zuwa tana jin sa a nan. Na ce mata ba ta tsoron in sake shanya shi? Ta ce wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kowa sanin wuta.

Yana cikin garmahonka yanzu, a ƙarƙashin murfin da ka ɗauki wannan takarda a kai. Na nemi makullin kwaɗon a inda kake ɓoye shi, wannan ma ƙara shi a cikin abin da za ka yafe. Ban sa shi ba. Juma'ar da ka yi niyya ta wuce, amma yau ma Juma'a ce. Idan ka ga dama, bayan la'asar ina ɗakina.

Game da mai adaidaita, kayanka ne, ba zan hana ka ba. Idan ka karanta duk wannan ka ga har yanzu Sabon Gari ta fi maka kwanciyar hankali, ni da kaina zan taya ka ɗauka, kuma ba za ka ga canji a fuskata ba. Amma ɗakin Mama Ngozi ya cika, kuma na sa an gyara rufin gidan nan, na sa kafinta ya buga katako a bangon ɗakina na gabas, nesa da taga, ya ɗaga daga ƙasa kamu uku. Na auna da kwalinka ɗaya, ya shiga a tsaye.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga abokin banza da abincin da zai cuce ka. Ya sa ka gama lafiya ka dawo lafiya. Idan ka sauka ka kira, kada ka turo saƙo. Idan ka ga tsofaffin faya-fayai a can, na san za ka gani, ka tambayi sunan mai su ka rubuta. Gobe kafin komai ka je ka gaida Mama Ngozi, da kwali ko ba kwali. Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.

Na tara ƙannenka yau da safe na faɗa musu, kai ma ka sani don ta hau kanka kamar kowa. Daga yau a gidan nan ba a fitar da kayan wani, ba a ba ɗan gwangwan, ba a wankewa, ba a shanyawa, komai tsufansa, komai jiƙewarsa, sai an tambayi mai shi ya amsa da bakinsa. Idan yana nesa a kira shi. Idan ya rasu a tambayi 'ya'yansa. Dokar ta fara daga kaina.